Addu'ar Tafiya a Falon Mama

Na riga na ce "Ya Uba mai iko duka" kafin na gane ban san abin da zan ɗora a kai ba. Muna tsaye a falon Mama a unguwar Ladywood, ni da ita da yayata, mun riƙe hannun juna, idanu a rufe. Haka ake yi a gidanmu, duk mai tafiya shi ke addu'a kafin ya fita. Ranar Lahadi ce, an dawo daga coci, ni kuma jirgin ƙasa zan bi in koma Manchester.

Matsalar, Mama ta riga ta ce, "Auta, ka sa jarrabawarka a ciki, in ji da kunnena." Ni kuwa ba ni da wata jarrabawa. Wata biyar ke nan da na bar college. Kaya nake ɗauka a wani warehouse, wato babban ɗakin ajiyar kaya, ina kwana a flat ɗin abokina a unguwar Hulme, can Manchester. A waya ina shirga mata ƙarya ba ko gargada, har malamai nake ƙirƙiro mata.

Na yi godiya don rai da lafiya. Na roƙa wa direban jirgi. Na roƙa wa Najeriya, jiha-jiha. Yayata ta matse min yatsa, wato in taƙaita.

Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Ya Allah, kai ka san babu jarrabawa. Ka san na bar makaranta. In na zauna a aji ji nake kamar tururuwa na bin ƙafafuna. Ban san me nake so ba. Ban ma san ko na yi nadama ba, ko dai tsoron Mama nake ji. Shi ke nan."

Na manta yadda ake rufewa.

"Cikin sunan Yesu," in ji Mama. Muka ce amin.

Ta saki hannuna ta shige kicin. Yayata ta kalle ni sama da ƙasa.

"Malam, Allah ka gaya wa ko mu?"

"Ban sani ba."

"Shi dai da ma ya sani. Mu ne muka sha labari."

Mama ta fito da robar dambun nama ta tura min a jaka. A bakin ƙofa na ce, "Mama, abin da na ce ɗazu..."

"Ba da ni ka yi magana ba. Ni ba na shiga tsakanin mutum da Mahaliccinsa. Rufe rigarka, akwai sanyi."

A jirgi na yi ta juya abin. Addu'a na yi, ko ɓuya na yi a bayan Allah don na san Mama ba za ta katse ni ba? Amma kuma tun da nake, ban taɓa addu'ar da na ji ana saurarena kamar wannan ba. Ko fushi take, ko jira take, ban gane ba. Na rubuta saƙo na goge ya fi sau biyar. Muna dab da Manchester na tura wannan:

"Mama, na bar college wata biyar ke nan, ina ta yi miki ƙarya. Yanzu da ke nake magana, idona a buɗe. Zan kira in na sauka, in za ki ɗauka."