Farantan Raɗa

Warin sabon fenti ne ya fara tarbar mu tun kafin mu gama hawa matakalar sabon gidan kimiyya. Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa a Narayi ce ta ba ni katin shiga. Mijinta ne ya ja wayoyin wutar ginin, shi ya sa aka gayyace su ranar gwaji, mako guda kafin a buɗe gidan kimiyyar ga kowa. Sharaɗin ɗaya ne: babba ba ya shiga sai da yaro.

Ni kuwa ina da yarinya, ko da yake ba ni na haife ta ba. 'Yar farin yayata ce, shekarunta bakwai a lokacin. A gidanmu na Makera har yau ana kunyar ɗan fari yadda iyayenmu suka taho da ita daga garinsu. Yaya ba ta kama sunan yarinyar, ba ta ɗora ta a cinya, ba ta yabonta a gaban mutane. "Ke" take ce mata, ko "waccan". Duk abin da kunya ta hana Yaya, ni na kwashe. Ni na goya ta, ni na koya mata karatu, a gadona take barci. Anti take kirana, uwarta kuwa Yaya take ce mata, yadda ta ji ina faɗa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma wannan rabon ya yi mini daɗi, kuma na ɗauka haka zai dawwama.

Kwana shida ina tsara yadda ranar za ta kasance, ni da ita kaɗai. Da safe sai ga Yaya ta yafa mayafi.

"Zan raka ku, kar ku ɓata."

"Yaya, daga nan zuwa can ɗin ne za mu ɓata?"

"Ke da kike tafiya kina ƙirga gajimare? Mu je."

A ciki akwai wata ƙwallon gilashi da walƙiya ke bin yatsan duk wanda ya taɓa ta. Akwai keken da in yaro ya tuƙa, ƙwan fitila ya kama. Yara daga Mahuta da Narayi sai ihu suke, iyayensu na ɗaukar su hoto. Ni da na koyi wutar lantarki daga zanen alli a allo, har sai da na ɗan ji haushin yaran. Amma ko'ina muka tsaya, "Anti, zo ki gani!" nake ji, sai raina ya yi fari. Yaya tana can baya riƙe da jakata da gorar ruwa, kamar wadda ta rako baƙi.

A babban zauren aka kafa wasu farantai biyu na ƙarfe, kowanne ya fi mutum tsayi, ɗaya a wannan bango, ɗaya a wancan, suna fuskantar juna. Wata budurwa mai yi wa mutane bayani ta ce in ka yi raɗa a cikin ɗaya, wanda ke gaban ɗayan zai ji kamar a kunnensa ka faɗa, na tsakiya kuwa ba za su ji komai ba. Nan take na fara haɗa abin da zan faɗa, wata 'yar magana a kan wata da tauraro.

Budurwar ta kai yarinyar gaban faranti ɗaya, ta dawo ta dube mu.

"Wace ce maman?"

"Ga uwarta nan," in ji Yaya, ta nuna ni da haɓa. Haka take yi kullum.

Da a unguwarmu ne, kowa ya san abin da hakan ke nufi, da an wuce wurin. Budurwar ba ta sani ba. Dariya ta yi, ta kama hannun Yaya.

"Haba Hajiya, wa za ki ruɗa? Wannan goshin naki ne sak. Oya, zo ki gaya wa bebinki magana mai daɗi. Ko ni da ke kusa ba zan ji ba. Anti za ta yi nata daga baya."

Na jira Yaya ta ƙwace hannunta. Ba ta ƙwace ba. Ta hau 'yar matakalar, ta duba dama, ta duba hagu, ta ja mayafi ta kare gefen bakinta.

Ina tsaye a tsakiyar zauren, daidai hanyar da maganar za ta bi. Na kasa kunne iya ƙarfina, ban ji ko da numfashi ba. Sai dai na ga yarinyar ta sandare. Ta waiwayo ta hango uwarta, ta rufe baki da hannu biyu, sannan ta kifa fuska a farantin ta mayar da amsa. Wannan ta faɗa, waccan ta faɗa. Na ga kafaɗun Yaya suna rawa. Magana tana ta wucewa ta saman kaina, ni kuwa ina riƙe da gorar ruwan da aka miƙo mini.

Sai da wani uba a layi ya ce, "Madam, a bar wa wasu mana," sannan Yaya ta sauko.

"Shirme," ta ce, tana gyara mayafi, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Na hau na faɗi tawa maganar ta wata da tauraro. Yarinyar ta ɗaga murya daga can, "Na ji, Anti!" ta ruga wurin keken.

A Keke Napep na sunkuya na tambaye ta, "Me ta ce miki?"

"Ba komai."

Ba ta taɓa ɓoye mini abu ba sai ranar. Kafin mu kai Kakuri barci ya ɗauke ta, kanta ya faɗa kafaɗar Yaya. Yaya ta bar shi a nan ɗan lokaci, ina ƙirgawa a raina, sannan ta turo mini shi ba tare da ta dube ni ba. Na karɓa kamar wadda aka miƙo wa ragowar tuwo. Na ji kunyar kaina, don Yaya ba ta ƙwace mini komai ba, nata ne tun farko. Jin kunyar bai rage mini komai ba.

Washegari gida ya koma yadda yake. "Ke, ɗauko tsintsiya." "Waccan ta ci abinci?" Na kwantar da hankalina cewa abin na yini ɗaya ne, ya wuce.

Sai bayan shekara biyar, ina shirya wa yarinyar akwatin makarantar kwana, ta faɗa mini a cikin hira, a zatonta na sani. Duk hutun makaranta, ranar da Yaya ke cewa za su gaida wata gwaggo a Gonin Gora, gidan kimiyyar suke komawa, su biyu.