Tambayar da Gwaggo ta kai Damagaram

Mun tashi da asuba daga Matameye a bayan kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, ni da gwaggona, zan kai ta Damagaram a duba mata ido. Lokacin kaka ne, hanya duk buhuna da jakuna. A Kance direba ya tsaya shan fura, ya sha kamar ba shi zai kai mu ba.

Ido dai hujja ce kawai, tambaya ce ke cinta take neman mai amsa mata. Mijin Gwaggo ya rasu bara, wani Alhaji mai awon gyaɗa kuma ya aiko yana nemanta, dangi duk sun amince. Ita kuwa ta ji wani malami ya ce mace da mijinta na ƙarshe za ta zauna a Aljanna. In ta yi auren, ta rabu da marigayin ke nan har lahira. Abin da ya hana ta sukuni ke nan.

Damagaram komai da tsada, amma kilishinsu ya cancanci kuɗinsa. A ɗakin maganin mishan wata baturiya mai farin lulluɓi ta ɗiga wa Gwaggo magani, Hausa a bakinta tsaf. Da Gwaggo ta ji baturiyar ba ta taɓa aure ba, sai ta gyara zama ta zayyana mata komai, ni ina ta jin kunya.

Baturiyar ta ce, "Inna, malamanmu na farko sun ce babu aure a lahira. Wasunsu ma sun ce ba mace ba namiji, wasu suka ce a'a, mace za ta tashi a macenta. Amma wadda mijinta ya mutu ta ƙi sake aure, girmama ta suke, har wuri na musamman gare ta a majami'a."

Gwaggo ta ce, "Lahirarku dai ba ta yi mini ba."

A hanyar dawowa taya ta fashe kusa da Takeita, muka yini a gindin gawo. Na ɗauka tafiyar ta tashi a banza, har na ji tausayin Gwaggo.

Da muka sauka gida, ɗan aiken Alhaji na zaure yana jira. Ko mayafi Gwaggo ba ta cire ba ta ce masa, "Ka gaishe shi, ka ce ina da miji, ya riga ni gaba ne."

Abin da na koya shi ne mutum kan je nesa ya yi tambayar da tun a gida ya san amsarta. Gwaggo ba ta ɗauko addinin kowa ba. Ta dai ga mace zaune ba miji, mutuncinta bai ragu ba.