Ƙwayar Gari

Duk wanda ya san Komurayya a garinmu ya san shi da kunne ɗaya da rabi. Ba a fagen kokawa ya bar rabin ba, ko da yake shekara goma sha biyar ya yi yana kayar da maza a bukukuwan ƙasar Warangal kafin gwiwa ta ce masa ya isa haka. A bakin ƙofar ɗakin magani ya bar shi, wata Talata da hantsi, kuma lauje ne ya ɗauke shi.

Da ya bar kokawa sai ya kama gadi a ƙaramin asibitin garin. Yana nan zaune kan kujerar roba, yana cin gurasar dawa da ɗanyar albasa, mutanen kamfanin Tangedu suka zo daga Haidarabad. Kamfani ne da bai taɓa sayar da ko maganin ciwon kai ba. Duk abin da ya mallaka ƙwaya ɗaya ce da ake fatan za ta kashe dafin kububuwa, kuma ba a gama gwada ta ba. In ta yi aiki, masu hannun jari sun haye. In ba ta yi ba, takardunsu ko gyaɗa ba za su naɗe ba.

Gwajin kuwa ga yadda yake. Duk wanda maciji ya sara ana yi masa allurar da aka saba. In danginsa sun yarda, sai a ƙara masa da ƙwaya. Rabin mutanen ta gaske suke haɗiya, rabi kuwa ƙwayar gari ce kawai mai kama da ita, don a ga bambanci a ƙarshe. Likita ma ba ta san wa ya sha wacce ba. Kowane majinyaci da lambarsa, kowace lamba da ambulan ɗinta a liƙe, duka a cikin kabad na ƙarfe a ɗakin da Komurayya ke tsaro.

Wata rana aka kawo wata mata ƙafa ta kumbura kamar turmi, kwana huɗu ta tashi ta tafi gida da ƙafarta. Shi ke nan kan Komurayya ya ɗauki zafi. Ya sayar da ɓaunarsa biyu masu ba da madara, ya zuba kuɗin kaf a hannun jarin Tangedu.

Likita Harita, wadda ke jagorantar gwajin, ta riƙe baki da ta ji. "Komurayya, ka haukace ne? Irin waɗannan kamfanoni, cikin goma tara a rami suke ƙarewa."

"Likita, gani ya kori ji. Da idona na ga matar nan ta miƙe."

"Ka san wacce ta haɗiya? Ni da na ba ta ban sani ba."

Ya yi dariya ya ce ai masu ilimi tsoro ne ya yi musu yawa. Tun daga ranar, kullum da safe sai ya miƙa wa mai shayi wayarsa ya duba masa farashi, don shi bai iya karatu ba.

Da kaka, tsakar rana, kububuwa ta sari Saidulu a gonar auduga. Saidulu mijin Suguna ne, ƙanwar Komurayya uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ya goya a bayansa bayan rasuwar uwarsu. A kan babur aka kawo shi, dasashinsa na zubar da jini, idanu sun kaɗa. Aka yi masa allura, sannan aka kawo wa Suguna takardar yarda. Ta ja hannunta baya.

"Anna," ta ce, don haka muke kiran yaya, "ina tsoro. A bar shi da allurar."

"Dangwala, ke dai. Maganin nan na san shi. Ni zan cuce ki?"

Ya kama babban yatsanta da hannunsa, ya danna a tawada, ya danna a takarda. Saidulu ya zama lamba arba'in da bakwai. Kwana uku yana aman jini, fitsari ya ɗauke, ranar Talata da safe ya cika.

Kafin hantsi ya dubi ludayi mutanen ƙauyensu sun iso, sun fi hamsin, da gorori da lauje. Suka yi abin da muke yi in an mutu a hannun hukuma: suka ajiye gawar a kan gadon igiya a ƙofar asibiti, suka ce ba mai ɗaga ta sai an ba su amsa. Bikshapati, yayan mamacin, shi ne a gaba.

"Abu ɗaya muke so!" ya ce. "A buɗe takardar nan. In magani ya sha, maganinku ne ya kashe shi. In gari kuka ba shi, kun yi wasa da ransa. A buɗe!"

Likita Harita ta fito. Ta ce za ta rubuta wa hukuma, za a biya diyya, amma in aka fasa kabad ɗin nan da ƙarfi aka ga ambulolin, gwajin shekara biyu ya tashi a banza. Dutse ya fasa mata tabarau kafin ta rufe baki. Ma'aikata suka ja ta ciki.

Komurayya ya tsaya a ƙofar ɗakin magani, ya cika ta da ƙirji. Kada kowa ya ce mini don ilimi ko don marasa lafiyar gobe ya tsaya. Na san shi tun muna yara. Ɓaunarsa biyu ce a cikin kabad ɗin nan, su yake tsaro.

"Matsa, Komurayya," in ji Bikshapati. "Karen kamfani! Mijin ƙanwarka ne kwance a can."

"Ka zo ka matsar da ni, in uwarka ta haifi namiji."

Gora ta farko a kafaɗa ta same shi, ta karye. Ya cafki mai ita ta wuya da ɗamara, ya buga kansa da bango, jini ya yi tsartuwa a farar ƙasa. Biyu suka rungume masa ƙafafu, ya take hannun ɗaya har aka ji ƙas. Wani ya sauke masa ƙarfen babur a tsintsiyar hannun dama, hannun ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Bai yi ihu ba, sai gurnani. Bikshapati ya kawo masa sara da lauje, yana neman wuya. Komurayya ya kauce, laujen ya share rabin kunne ya tsaga kumatu. Da hannun hagu da goshi ya tare shi, ya fasa masa haƙora huɗu, sannan tsohuwar kokawa ta motsa: ya sunkuya, ya ɗaga shi sama, ya yi jifa da shi waje.

Bikshapati ya faɗa a kan gadon gawar. Ƙafar gadon ta karye, Saidulu ya mirgino ƙasa rub da ciki, mayafi ya yaye, fuskarsa a cikin kwata. Suguna ce ta durƙusa ta juya shi, ta share masa fuska da bakin zanenta. Ta ɗago ta dubi yayanta sau ɗaya. Daga nan 'yan sanda suka iso da kulake suka yi kan mai uwa da wabi. Ba a taɓa kabad ba.

Wata tara bayan haka aka buɗe ambulolin a Haidarabad. A ɓangaren masu ƙwayar gaske mutum biyu suka mutu, a ɓangaren gari goma sha ɗaya. Wannan tazarar ita ce ta ninka farashin hannun jari sau shida cikin mako guda. Waɗanda suka tofa wa Komurayya yawu a kasuwa suka koma tare shi da murmushi: "Anna, mu saya ne, ko mun makara?" Likita Harita ta ce masa ya bi a hankali, wannan gwaji na biyu ne, akwai babban gwaji na uku a gaba, shekara biyu ko uku, kuma magunguna da yawa a nan suke faɗuwa. A ranar kuma ta gaya masa an aika wa iyalai wasiƙu. Lamba arba'in da bakwai gari ya haɗiya.

Ya sayar da rabin jarinsa, ya sayi ɓauna huɗu. Ranar ɗaurin zare, ranar da kowace mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu shi kuma ya yi alkawarin tsare ta, ya kora biyu mafi ƙiba zuwa gidan Suguna. Ya same ta tana tsince shinkafa, goshinta ba jan ɗigo, hannunta ba warwaro, kamar yadda matar da mijinta ya mutu ke zama a wajenmu. Ya miƙa mata karkataccen hannunsa kamar yadda ya saba shekara talatin.

"Na kawo miki. Naki ne, da madararsu da 'ya'yansu."

Ta dubi dabbobin, ta dube shi. "An karanta mini wasiƙar. Aka ce da waɗanda suka haɗiyi gari ba su mutu da yawa ba, da ba a san maganin yana aiki ba. Haka ne?"

"Haka likita ta ce."

"To gaya mini, Anna. Da Saidulu ya tashi, su goma ke nan. Da ɓauna nawa za ka kawo mini?"

Ta tashi ta ɗauko lauje daga jikin bango, ya tsaya bai kauce ba, wallahi ina jin so ya yi ta sare shi. Igiyar dabbobin ta yanke, ta zabga musu sanda suka bazama cikin gonar mutane. Ta koma ciki ta ja ƙofa. Ya daɗe a tsaye da hannu a miƙe.

Yanzu an fara gwaji na uku, an kawo sabon kabad wanda ya fi na da girma. Komurayya yana nan a kujerarsa, bai sayar da sauran jarin ba, bai kuma ƙara tambayar mai shayi farashi ba. In an kawo wanda maciji ya sara, dangi sukan nufo shi da takarda a hannu, don sun ji an ce shi ya san maganin: "Anna, mu dangwala?" Sai ya juya musu ɓangaren da lauje ya ci, ya ce ba ya ji da wannan kunnen.