Jan Jakin Baba Haladu

Baba Haladu mai ruwa ne. Tun kafin famfo ya shiga gidajen Jidda yake ɗiban ruwa a bazan, wato matattarar ruwan gari, jakinsa yana jan tanki daga unguwar Karantina zuwa lungunan Balad, tsohon gari. Matan manyan gidaje ba sa fitowa, ta tagar katako suke leƙe. Don su gane shi daga sama, sai ya yi wa jakin lalle tun daga wuya har wutsiya. Ko'ina sai ka ji, "Ya mai jan jaki, yalla!"

Ana nan sai Othman, wani sabon mai ruwa, shi ma ya shafe nasa jakin da lalle. Mata suka riƙa kiransa cikin kuskure. Baba ya dawo gida da rabin tanki, yana huci.

"Ja nawa ne! Ni na fara!"

Ya je wurin liman. Liman ya ce, "Haladu, lalle Allah ya tsiro da shi, ba kai ba."

Wani tela da ke wurin, wanda ya taso a Sudan, ya ce, "A kotun Turawa, yadda na ji, tambari ake karewa. Launi tsurarsa kuwa sai ka kawo shaidu cewa duk gari da kai aka san shi."

"Shaiduna suna bayan taga, ɗan nan. Ka taɓa ganin an kai taga kotu?"

Ƙarshe aka tafi gaban shehun masu ruwa, Balarabe mai ɗan jin Hausa.

Ya tambayi Baba, "Wane launi kake ƙara a kai, ya ammi, baffana?"

"Ja."

Othman ya ce, "Wallahi nawa ruwan goro ne."

Shehu ya dubi jakunan, iri ɗaya sak. Ya ce a dawo da su bayan sallah, kada kowa ya ƙara shafa. Da aka dawo, ranar Jidda ta cinye lallen, duka biyun sun koma kalar bango.

"Ina jan? Ina ruwan goron? Halas, magana ta ƙare. Wanda ya iya riƙe launi, nasa ne."

Baba ya ɗauki maganar da gaske. Kowace Juma'a yana durƙushe yana kwaɓa lalle. Othman ya gwada, ya gaji, ya bar jakinsa fari fat. Tagogi suka koma kiran Baba shi kaɗai.

Sai dai hannunsa bai sake wankuwa ba. Har ya tsufa, in ya miƙo hannu a masallaci, abokansa cewa suke, "Amarya, yaushe ne bikin?"

Shi kuwa sai ya ɗaga tafin ya ce, "Ku kalla da kyau. Wannan ja mai shi yana nan."