Yatsan Shugaban Makarantarmu

A shekarata ta biyu ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Illela, takarda ta iso cewa masu duba makarantu za su zo daga Sakkwato. A ranar ne na fara ganin cikin ɗakin gwaje-gwajenmu, domin shugaban makarantar ya daɗe da mayar da shi rumbun albasarsa. Aka kwashe buhuna, wari ya ƙi fita.

"Malam, ka yi muna abin da ido ka gani," in ji shugaba. "Mutanen ga ba su son dogon bayani."

Na ce za mu raini ƙwayoyin cuta. Ya ɗan ja da baya, sannan ya tambaya ko akwai kashe kuɗi. Da na ce babu, sai ya sa albarka.

A kabad na samu faranta na gilashi masu murfi, da gwangwanin garin da ake dafawa ya daskare ya zama abincin ƙwayoyin. Ba a taɓa buɗe shi ba, wai don kada ya ƙare. Na ari tukunya mai kulle tururi, na dafa komai a ciki. Na jera wa ɗalibai dokoki: a wanke hannu, a goge teburi, kada a ɗauko komai daga masai ko hanci, a liƙe murfi da salatif, kuma farantin da aka rufe ba a sake buɗe shi. Littafi ya ce kada wurin ajiya ya yi ɗumi kamar jikin mutum, amma wanda ya rubuta shi bai san Illela a watan Afirilu ba. Dole muka jera su a jiƙaƙƙen yashi, gindin randa.

Muna cikin shafa auduga a hannun ƙofa don ɗauko ƙwayoyin da za mu sa a faranta sai ga shugaba cikin babbar riga. Ya ce aiki irin wannan sai an ƙaddamar da shi. Ya dangwala babban yatsansa a faranti ɗaya kamar mai jefa ƙuri'a, ɗalibai suka tafa, na rubuta muƙaminsa a gindin farantin.

Bayan kwana uku sauran faranta sun fitar da 'yan ɗige-ɗige. Nasa kuwa ya cika taf: fari, rawaya, da wani kore mai gashi. Ya daɗe yana kallo.

"Wanga na wa na?"

"Naka na, ranka shi daɗe."

"Goge. Rubuta hannun ɗan kabu-kabu."

Na ce ba zan yi wa 'yan kabu-kabu ƙazafi ba, rabin iyayen ɗalibaina su ne. Muka yi ta ja har muka daidaita a kan "hannun wani bawan Allah".

Babban mai dubawa ya iso da hantsi. Shugaba ya tarbe shi da hannu biyu, ya yayyaga masa gasasshen nama da kansa a ofis, sannan aka zo wurinmu. Mai dubawa bai tsaya ko'ina ba sai gaban farantin shugaba. Ya fara ɓanɓarar salatif, wai yana so ya ji ko suna da wari. Ni dai ban hana shi ba, don mutumin na iya tura ni ƙauyen da babu hanya. Wata ɗaliba ce, 'yar wani ɗan canji, ta ce a hankali, "Yallaɓai, ba a buɗewa. Malam ya ce ko gwamna ne."

Ban taɓa cewa gwamna ba. Mai dubawa ya ajiye farantin, ya goge yatsunsa a riga, ya juya ga shugaba.

"Mai hannun nan ku nemo shi ku yi masa nasiha. Kada a bar shi kusa da abinci."

"In sha Allahu," in ji shugaba.

Da yamma na dafe farantan gaba ɗaya ba tare da na buɗe ko ɗaya ba, na zuba musu ruwan kashe cuta, na binne abin da ke ciki a bayan katanga.

Mako na zagayowa muka tarar da buta da sabulu a ƙofar ofishin shugaba. Na yi murna, na ɗauka darasi ya shiga. Ashe ba nasa ba ne. Ya yi bincike, in ji shi, ya gano cewa malamai ne ke shafa masa datti wajen gaisuwa. Daga ranar duk mai son ya ba shi hannu sai ya wanke tukuna, yana zaune yana kallo. Ni kuwa har na bar makarantar sau biyu yake sa ni in wanke.