Sarƙar da Ta Sha Kwana

Muna aji shida malaminmu na kemistiri ya samu aiki a Abuja, ya tafi ko sallama babu. Ya bar mu a tsakiyar darasin raɗa wa sinadaran kabon suna. Na ji haushinsa, har yau ban gama hucewa ba. Ƙawayena biyu suka watsar da darasin, ni kuwa na kafe, don aikin jinya nake so, kuma ba a shiga sai da kemistiri.

A unguwar Hashimi nake zaune wajen gwaggona. Ita ma a Abuja take aiki, sai magariba take dawowa a gajiye liƙis. Daga makaranta sai ɗaki, ni da wani littafi da shafukan amsoshinsa suka yage. Dokar da na kwafa daga allo ita ce a nemo sarƙar kabon mafi tsawo, a ƙirga, sannan a ba reshe ƙaramar lamba. Tambayoyi arba'in na amsa, babu mai ce mini daidai ne ko kuskure. Shirun nan ya fi komai ci mini rai.

Saura sati uku jarrabawa, wata Asabar na kwaɓa laka a bayan gida, na mulmula ƙwallaye bakwai, na haɗa su da tsinken tsintsiya kamar zanen littafi: biyar a jere, biyu haɗe da juna a matsayin reshe ɗaya jikin na biyu. Da gadara na raɗa wa abin suna 2-ethylpentane. Ina ɗagawa sai ya karkace a hannuna. Na bi da yatsa daga ƙarshen reshen, na samu ƙwallaye shida a sarƙe. Ashe sarƙa tana shan kwana, ni kuwa layin da ya miƙe a takarda kawai nake ƙirgawa. 3-methylhexane ne. Na koma kan arba'in ɗin, ashe goma sha bakwai na kwafsa.

Na fito da gudu. Maƙwabciyarmu, 'yar kudu mai sayar da atamfa, tana shanya.

"Mama, duba! Shida ne, ba biyar ba!"

Ta kalli lakar, ta kalle ni. "Weldon o. Amma je ki wanke hannu, kar ki ɓata mini zani."

Na koma ɗaki na gyara amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Da na gama, na ɗauki jan biro na rubuta "Da kyau" a ƙasa, na ɗan karkata rubutun don ya yi kama da na wani.