Takardar da Na Gane Rubutunta

Godiya ta tabbata ga Allah Mai suturta bayinsa, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Akwai wata safiya da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina. 'Yata da ke karatu a jami'a ta ɗauki bincike a kan matan da ke sayar da kansu ta waya, a shafukan intanet: yadda masu shafin ke danne musu haƙƙi, da yadda maza ke wulaƙanta su. Ban so aikin ba. Ta ce, "Baba, mutane ne, kuma ba wanda ya taɓa tambayar halin da suke ciki." Na ƙyale ta ta ci gaba.

Bayan damina, 'yar tawa ta same ni a zaurena a Haɗejiya da wata takarda. Matan sun amsa tambayoyinta ba tare da sa suna ba, ɗayarsu kuwa da ajami ta rubuta.

"Baba, ka karanta mini. Amma amana ce. Ko ka gane wani abu, ba ka gani ba."

Na yi alkawari, na sa tabarau. Tun layin farko na gane, domin hannun ɗalibi yakan ɗauko na malaminsa, wannan kuwa hannuna ne. Ɗalibata ce da na koyar tsawon shekara bakwai, 'yar wani masunci daga wajen Kirikasamma, wadda mijinta ya rasu a shekarar da ambaliya ta cinye gonakinsu.

An tambaye ta, "Idan wani ya ɗauki hotonki ya ce zai yaɗa, wa kike gaya wa?" Ta rubuta, "Babu kowa. Kafin in fara wannan, sau biyu na je ƙofar malaminmu, aka ce yana karatu da manya."

Na karanta a fili, 'yata tana rubutawa, sai ta ga ina goge ido.

"Baba, lafiya?"

"Ido ne ya tsufa," in ji ni.

Idan na neme ta, na ci amana, na kuma tona asirin da Allah Ya rufa. Ban gaya wa 'yata ba, ban gaya wa iyalina ba. Abin da na iya kawai, na soke karatun manya na ranar Alhamis, na sa aka sanar a unguwanni cewa duk macen da ke da damuwa ta zo, ba wanda zai mayar da ita. Mata da yawa sun zo. Ita ba ta zo ba, kuma har yau duk Alhamis ina shimfiɗa tabarma ina jira.

Na karantar da babin taimakon mabuƙaci shekaru masu yawa, sai ga shi mabuƙaciya ta juya daga ƙofata ina tsakar karantarwa. Duk wanda aka yi masa sallama, ya ajiye littafi ya fito.

Allah Ya suturta ta, Ya gafarta mini, Ya sa albarka ga mai karatu da iyalansa.